Nawa ne kuɗin haska harabar gida da dare, kuma me ya sa lissafin kowa ya sha bamban?

Satin da ya wuce gardama ta kaure a majalisarmu da ke Tudun Wadan Gombe bayan isha'i, irin gardamar da nake ta ji a wurare da yawa tun da fitilun sola suka cika kasuwa. Wani Alhaji ya ce shi da 'yan canji ya haske gidansa kaf, ya shiga babbar kasuwa ya ɗauko fitilun sola guda 4 a kwali, yaronsa ya hau tsani ya ɗaure su a katanga, kafin la'asar an gama komai. Sai wani malamin makaranta da ke ƙarasa gini a Tumfure ya zaro takarda daga aljihu, lissafin da mai wayarin ya rubuto masa ne na fitilun waje kaɗai, kuɗin ya ninka na Alhaji ninkin ba ninki alhali filin nasu girma ɗaya ne, ya ce to jama'a ku duba min, wannan ba cuta ba ce? Nan take majalisa ta rabu biyu, wasu na cewa ai masu wayarin sun saba yankan mutane, wasu na cewa Alhaji ya bari damina ta sauka tukuna kafin ya yi murna.

Na karɓi takardar na karanta tsaf ban ga cuta a ciki ba, kuma shi ma Alhaji ba ƙarya ya yi ba. Abu biyu daban suka saya suna kiran su da suna ɗaya. Duk wanda zai sa fitila a waje awannin haske yake saya, kuma awannin da suka fi tsada su ne daga ƙarfe 2 na dare zuwa kiran assalatu, lokacin da mai gida ya yi nisa a barci, ɓarawo ya fito, tsohuwa kuma za ta laluba hanyar buta ta yi alwala. Kowace fitila tana da kyau da magariba. Wadda ta kai asuba tana ci, ita ake biyan kuɗinta.

Fitilar waje kala 3 ce

Akwai ta tsaro, mai ƙarfi, wadda ake kafawa a kusurwar katanga da bakin get da lungun bayan ɗakuna. Akwai ta hanya, wadda ba ta buƙatar ƙarfi sosai, aikinta kawai ka ga inda za ka taka, ƙofar zaure, tsakar gida, hanyar banɗaki, wajen famfo ko rijiya, kuma duk wanda ya taɓa taka kunama da bazara ya san amfaninta. Sai ta ado, wato ƙananan nan da ake jerawa a gefen intalok, da masu kamar ƙwallo a kan ginshiƙan katanga, da wadda ake binnewa a gindin mangwaro ko dabino ta haska ganyen daga ƙasa.

Wannan ta ukun ita ce ke ɗaukar hankalin mutane a hotunan gidajen Amurka da Dubai da ake yawo da su a Facebook da TikTok, kuma ita ce ta fi cin kuɗi idan aka auna da hasken da take bayarwa, domin ƙwayayen da yawa suke kuma kowanne sai an kai masa waya. A Amurka yawanci ƙaramar taransifoma ake sawa ta sauke wutar gida daga bolt 120 zuwa 12, a bi da waya ƙarƙashin ciyawa, shi kenan. Su lissafinsu bai ƙunshi tambayar ina wutar za ta fito ba, tana nan a soket dare da rana. Mu kuwa a nan wannan tambayar ita ce rabin kuɗin.

Abin da ya tayar da farashi, da abin da ya kora mutane zuwa sola

Kusan duk fitilun nan da batiransu da fanel ɗinsu daga China ake shigo da su, su sauka Legas, su bi ta Alaba ko Anacha ko Sabon Garin Kano kafin su iso shagunan Gombe, don haka farashinsu a ɗaure yake da dala da kuɗin mota. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a farkon 2024. Ranar 29 ga Mayun 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Daga nan barin janareto ya kwana yana ruri don fitilun waje ya zama sai wane da wane. Ita ma waya jan ƙarfe ce, farashin jan ƙarfe kuwa a kasuwar duniya ake yanka shi da dala, shi ya sa ko wadda aka ƙera a Najeriya irin su Coleman da Cutix da Nigerchin ta bi sahu.

Sai batun wutar kanta. Mu a Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai kamfanin JED ne ke raba mana. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauke, a watan Yuli ya tsaya 209.5. Sauran rukunan ba su kai haka tsada ba amma wutarsu ba ta zama, Band B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma babu wanda ya yi maka alkawarin cewa awannin naka da dare za su faɗo. A shekarar ta 2024 ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, sannan a watan Oktoba kusan duk Arewa ta shafe sama da mako cikin duhu. Ga madatsar Dadin Kowa nan kusa da mu mai megawat 40, amma duk da haka mun kwana a duhun. Wanda ya ga waɗannan dararen ba sai an yi masa tallar sola ba.

Lambar da ke jikin kwali

Nan ne aka fi cutar mutane, kuma nan nake so mu ɗan zauna. Za ka ga fitilar sola an rubuta 200W ko 300W a kwalinta da manyan haruffa, mai shago ya danna rimot ta haske maka ido, ka ce ai wannan ta isa. To mu yi lissafi mai sauƙi. Daren Gombe kusan awa 12 ne. Fitilar da ke cin wat 300 na gaskiya idan za ta kwana a kunne sai ta sha 3,600, wato wat 300 sau awa 12. Babban batirin inbata ɗin nan mai 200Ah da bolt 12, wanda sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗaga shi, gaba ɗaya abin da ke cikinsa a wannan ma'aunin 2,400 ne, wato 200 sau 12. To ta yaya abin da ka ɗauko da hannu ɗaya ka rataya a babur zai ɗauki fiye da haka?

Gaskiyar fitilar sola tana wuri biyu, girman fanel da girman batir. Fanel mai kyau, idan faɗinsa da tsawonsa mita ɗaya-ɗaya ne, abin da zai bayar bai wuce wat 200 ba a tsakiyar rana. Wanda ke bayan fitilun katangar nan, mai girman farantin abinci, a ce santimita 30 da 40, bai fi wat 20 da 'yan kai ba. Ranar da ke caji da ƙarfi a yankinmu awa 5 zuwa 6 ce, ka ga ya tara wajen 100 kenan, ka raba wa awa 12 na dare, abin da ya rage maka wat 8 ne. Wato mai 300W ɗin nan a zahiri 'yar wat 8 ce idan ana so ta kai safiya. Shi ya sa ake haɗa su da wayo, su buɗe da ƙarfi da magariba lokacin da kowa ke kallo, sannan su riƙa dusashewa a hankali, wasu kuma sai sensa ta ji motsi su ɗan ƙara.

Kuma fa wat 8 na LED ba abin rainawa ba ne, LED mai kyau tana ba da lumen, wato ma'aunin haske, 80 zuwa sama da 100 a kowane wat, tsohon gulob mai zare kuwa 10 zuwa 15 yake bayarwa, don haka wat 8 ɗin ya kai hasken tsohon gulob mai wat 60, ya ishi ƙofar gida ko tsakar gida madaidaiciya. Matsalar ita ce an sayar maka da ita a matsayin wadda za ta haske fili guda, ka sayi 4 kana zaton ka gama da tsaro.

Bara wata da na saya ta mutu bayan damina ɗaya, na kai wa wani yaro mai gyara ya kwance ta a gabana. Da ya ɗaga murfin, ƙananan batira guda 2 muka gani irin na tocila mai caji, an manne su da gam a wani lungu, sauran cikin duk fanko ne, ga shatin ruwa ya bushe a jikin allon ya yi kore, ga matattun ƙwari sun taru a gindin gilashin kamar an zuba gero. Ya ce min, Baba ai nauyi za ka riƙa ji kafin ka biya, wadda ba ta da nauyi babu komai a cikinta. Tun daga ranar nake tambayar abu 3 a shago, wat nawa ne fanel ɗin shi kansa, Ah nawa aka rubuta a batirin, wato yawan cajin da yake ɗauka, kuma wane irin batir ne. Wanda aka rubuta LiFePO4 shi ya fi jure zafi kuma yana iya yin caji da saukewa sau 2,000 ko fiye, wato shekaru kenan idan kullum sau ɗaya ne. Sannan a tambaya ko ana iya kwance ta a canja batirin, domin da yawa a rufe suke ruf, batir na mutuwa sai bola.

Mu ƙaddara, don misali kawai, akwai ta dubu 20 da ta dubu 60. Idan ta dubu 20 duk shekara sai an sake ta, a shekara 5 ka kashe dubu 100 ban da kuɗin mai hawa tsani, ita kuwa ta dubu 60 ɗin wataƙila batir kawai za ka canja mata sau ɗaya. Arha ba ta ado, haka iyayenmu suka ce, amma ni ba na zargin wanda ya sayi mai arhar, mutumin da mafi ƙarancin albashinsa naira dubu 70 ne tun 2024 ba zai iya fitar da dubu 60 a fitila ɗaya ba. Abin da nake so kawai ya san me ya saya.

Inda kuɗin ke shiga idan waya za a ja

Yanzu mu dawo kan takardar Malam. Abin da ya ba shi mamaki shi ne kuɗin fitilun su ne ƙarami a ciki. Filinsa ƙafa 50 da 100 ne, zagayen katangarsa ƙafa 300 kenan, wajen mita 91. Naɗin waya ɗaya yawanci mita 90 zuwa 100 ne, kuma ba ɗaya ake ja ba, 3 ne, mai wuta da ta dawowa da ta ƙasa wadda masu aikin ke ce wa at. Ka ga naɗi 3 sun tafi a zagaye kaɗai, ba a hau ginshiƙi ba, ba a shiga tsakar gida ba, ba a koma wajen allon birekoki ba. Sai fayif ɗin roba da wayar za ta bi ta ciki, kowanne kusan mita 3, wajen guda 30 kenan, da akwatunan haɗi, da gam, da makunni. Idan fili ƙafa 100 da 100 ne zagayen ya koma mita 122.

Sai haƙa da fasa. Gidan da ba a yi wa filasta da intalok ba, lebura ne zai ja rami mai ɗan zurfi a kwantar da fayif a rufe, ƙasar Gombe ma yashi ce a yawancin unguwanni ba ta wahalar haƙa. Amma gidan da aka gama aka yi fenti, sai an tsaga katanga, a ɗaga intalok, a kira birkila ya mayar, a sayi siminti, a sake fenti, kuma duk yadda aka yi sai tabon ya nuna. Wallahi da masu gini za su ji shawara guda, ita ce a binne fayif ɗin fitilun waje tun kafin filasta ko da babu kuɗin fitila ko ɗaya a lokacin, fayif fanko ba shi da tsada, fasa gini ne mai tsada.

Akwai wurare 2 da masu gida ke matsa wa mai aiki ya rage, kuma nan ne bai kamata a taɓa ba. Na farko ingancin waya. Kasuwa cike take da wayar da aka shafa wa jan ƙarfe a sama cikinta alminiyom ne, ko wadda aka rubuta 1.5 amma siririya ce ba ta kai ba. Ka kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya fito a ciki ka ajiye ta. Na biyu wayar ƙasa da birekar nan da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, wadda ake kira ELCB ko RCD, mai 30mA a rubuce. Fitilar waje a jikin get na ƙarfe take, ko kan turken ƙarfe, ruwan sama na dukanta, yara na wasa babu takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wutarmu kuma bolt 230 ce, tana kisa. Na taɓa ganin gidan da aka haɗa waya biyu aka naɗe da baƙin tef aka tura cikin yashi babu fayif babu akwati, da rani lafiya lau, ruwan farko na sauka duk wanda ya taɓa get sai ta fizge shi, Allah ne ya tsare ba a rasa rai ba. Hukumar NEMSA tana ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, ba laifi ba ne ka ce Oga nuna min taka, kuma wanda ya iya aikin ba zai ji haushi ba.

Masu son fitilun ado a ƙasa, gefen furanni da inda yara ke tattakawa, gara su bi tsarin bolt 12 ɗin, ko waya ta fashe ba ta kisa. Sai dai yana da nasa kuɗin, wat 100 a bolt 230 bai kai rabin amfiya ba, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya, amma a bolt 12 ya haura amfiya 8, don haka sai waya mai kauri, in ba haka ba na kusa da taransifoma su yi haske na ƙarshen layi su yi ja kamar garwashi.

Kuɗin aiki kuma, wasu da ƙwai suke lissafi wasu da jimla. Kowanne aka zaɓa a sa ya rubuta kaya daban, aiki daban, da adadin naɗin waya da sunan kamfaninta, ka ɗauki takardar ka zaga shago 2 ko 3 ka ji farashin ranar, domin na watan jiya ba lallai ya zama na yau ba.

Kuɗin da ke biyo baya kowane wata

A ce ka sa LED guda 10 masu wat 10. Wat 100 kenan, awa 12, yunit 1.2 a dare, yunit 36 a wata. A farashin Band A na 209.5 da aka sa a 2024 wajen naira 7,500 ne kafin haraji, ɗan Band C ko D kuwa ƙasa da haka sosai. Kwatanta da tsohuwar fitilar halojin mai wat 500 da har yanzu take maƙale a wasu gidajen GRA da Federal Low Cost, ita kaɗai yunit 6 take sha a dare, 180 a wata, sama da naira 37,000 a Band A. Duk mai irin ta ya cire ta yau, LED da ba ta kai ta cin wuta ba ko kusa za ta yi masa aikinta.

Amma idan a kan inbata za ka ɗora su don su kwana ko an ɗauke wuta, akwai abin da masu gida ba sa lura da shi. Batirin ruwa mai 200Ah ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, wato 1,200 daga cikin 2,400 ɗin nan, daidai abin da fitilun nan 10 za su cinye a dare ɗaya. Ma'ana fitilun wajenka kaɗai sun kama batir guda sukutum, da fanel na wat 300 ko fiye da zai mayar masa da abin da ya fita. Shi ya sa za ka ji an ce tun da aka sa fitilun katanga fanka ke mutuwa ƙarfe 3 na dare a tsakiyar zafin Afrilu, uwargida na faɗa ana zagin mai inbata, alhali ba laifinsa ba ne. Wannan batir da fanel ɗin dole a sa su cikin kuɗin fitilun.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne a raba layi biyu. Na ado su kasance da makunninsu a kashe su ƙarfe 10 ko 11 idan baƙi sun watse, na tsaro guda 3 ko 4 su kwana. A sa fotosel, ɗan abin nan da ke kunnawa da kansa idan duhu ya yi ya kashe da gari ya waye, kuɗinsa kaɗan ne kuma yana hana fitila wuni a kunne don an manta. Lungun da ba a bi kuma a sa mai sensar motsi.

Ƙura, marka, zafi da ƙwari

A jikin fitilar waje ana rubuta IP da lamba biyu, ta farko ƙura, ta biyu ruwa. IP44 feshin ruwa kawai take jurewa, ta dace da ƙarƙashin baranda. Wadda za ta tsaya a fili a nemi IP65, ƙura ba ta shiga kuma tana jure ruwa mai ƙarfi. Wadda za a binne a ƙasa inda ruwa ke kwanciya sai IP67. Rubutun ma ana yin na jabu, don haka ka duba da idonka ko akwai robar da ta zagaye murfin da inda waya ta shiga.

Da hunturu ƙura ke kwanciya a kan fanel ga hazo ya tare rana, cajin ya ragu, mutane su ce fitila ta lalace alhali tsumma mai laima kawai take so duk sati. Saboda haka kar a kafa ta inda ba za a iya kaiwa ba. Da marka a watan Agusta kuma sai a yi kwana 2 ko 3 rana ba ta fito sosai ba, nan ƙaramin batir ke tona asirin kansa. Fanel ya kalli kudu ya ɗan karkata kaɗan yadda ruwa zai wanke shi, kuma a kula da inuwa, na ga gidaje da yawa an ɗaure sola a ƙarƙashin dogon yaro saboda nan ne ake zama, alhali reshe ɗaya ya rufe gefen fanel ya isa ya karya cajin. A irin wannan wurin a sayi mai fanel daban da doguwar waya, fanel a kan rufi fitila a inuwa. Zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40 shi ma yana rage wa batir kwana.

Farin haske mai ɗaukar ido, wanda ake rubuta 6500K, ya fi tara ƙwari, mai ɗan ja-ja na 3000K bai kai shi ba. Farkon damina idan shinge suka fito za ka gane bambancin, ƙwari su taru, kwaɗi su biyo su, wani lokacin maciji ya biyo kwaɗi. Kar a kafa farar fitila daidai saman ƙofar ɗaki ko inda ake shimfiɗa tabarma a ci tuwo, a matsar da ita gefe ta hasko wajen daga nesa. A ƙara da kuɗin mai walda idan ta wajen katanga ce, don fitilar sola da aka ɗaure da ƙusa 2 a bakin layi ba ta daɗewa ba a kwance ta ba.

Masu cewa almubazzaranci ne, da haƙƙin maƙwabci

A majalisar akwai dattijon da ya ce duk wannan bidiri ne, a unguwar da wasu ba su ci abincin dare ba kai kana haska bishiya. Maganarsa tana da nauyi kuma ni a kan fitilun ado ina tare da shi rabi, gidan da aka jera ƙwai 30 a katanga layin kuma duhu ƙirin bai burge ni ba. Amma fitila ɗaya mai kyau a ƙofar gida ta wuce ta mai gida shi kaɗai, masu tafiya masallaci da asuba suna amfana, mai kai mara lafiya asibiti da tsakar dare yana amfana, yaran layi ma za ka gan su a ƙarƙashinta da allo ko littafi. Layukan da maƙwabta suka yi karo-karo suka sayi manya guda 2 ko 3 masu inganci sun fi samun haske a kan inda kowa ya sayi 'yar ƙaramarsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hasken da ya yi yawa yana cutarwa. Fitila mai ƙarfi da aka ɗora kan dogon turke ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa ke kwana a waje da zafi, shiga haƙƙi ne, kuma kunya ce za ta hana shi yi maka magana. Ko ta fuskar tsaro ma, wadda ke dukan ido tana makantar da mai gadi da mai shigowa da mota, ta bar baƙar inuwa a bayan tanki da gindin bishiya inda mutum zai laɓe. Ƙananan fitilu da aka sunkuyar ƙasa aka rarraba su sun fi babba ɗaya da ke kallon sama amfani, kuma sun fi sauƙi a aljihu.

To wa ya dace da wanne?

Ɗan haya da wanda layinsu Band D ko E ne, sola mai zaman kanta ita ce tasu, babu haƙa babu fasa bangon mai gida, ranar tashi a kwance a tafi da ita, sai dai a sayi 2 masu nauyi maimakon 4 marasa nauyi. Mai gidan kansa da ke da inbata ko wuta mai ɗan zama, waya ta fi masa ƙarko, ƙwan LED in ya mutu shi kaɗai za a canja. Da yawa kuma haɗawa ya fi musu, waya a ciki, sola 1 ko 2 a get da bayan gida saboda ranar da babban layi zai sake faɗuwa.

Alhaji dai mun ce masa ya sa agogo ya fito ƙarfe 4 na asuba ya zaga katangarsa ya ƙirga guda nawa ke ci a cikin 4 ɗin, ya sake yin haka a watan Agusta. Shi kuma Malam muka zauna da biro a kan takardarsa, fitilu 16 aka rubuta masa, 10 a ciki na kan ginshiƙi ne na ado, muka soke su muka bar 6, biyu a get, ɗaya a kowace kusurwar baya, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a hanyar banɗaki. Waya da bireka da wayar ƙasa ba mu taɓa su ba, fayif ma muka ce a zagaye da shi duka har ginshiƙan a toshe bakinsa, duk ranar da hali ya samu sai a zura waya kawai. Ya ninke takardar ya ce gobe da safe zai kira mai wayarin su fara ramin, tunda masu intalok sai sati mai zuwa za su zo.